Wai Mece Ce Rawar Bale?

Tun da makarantun kuɗi na Abuja suka fara saka "bale" a jerin darussan bayan tashi, kusa da ninkaya da kwamfuta, kalmar ta shiga bakin kowa. Yarinya ta sa farin siket mai baza, ta yi juyi biyu ranar bikin yaye ɗalibai, sai mai gabatarwa ya ce ga 'yan bale nan. A rediyo ma har 'yan rawar da ke bayan mawaƙi an taɓa laƙaba wa sunan.

Siket da tsayuwa a kan yatsun ƙafa kayan aiki ne kawai. Bale wasan kwaikwayo ne da ba a buɗe baki a cikinsa. Kiɗa da jiki ne ke ba da labari, kuma kowane taku yana da suna da ƙa'ida, waɗanda aka fara tsarawa a Faransa bayan Sarki Louis na 14 ya kafa makarantar rawa a 1661.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne idan aka ce an shirya bale daga zanen wani mai zane, sai a fassara wa mutane cewa 'yan rawa za su fito su sandare kamar hoton. Haba! A duba Broken Wings, wanda Annabelle Lopez Ochoa ta tsara a Landan a 2016 a kan Frida Kahlo, mai zane 'yar Meziko. Frida ta yi shan inna tana ƙarama. A 1925, tana da shekara 18, motar hayar da take ciki ta yi karo, ƙarfe ya soke ta a ƙugu, ƙashin bayanta ya karye. A kwance ta kama zane gadan-gadan, da madubi a saman gadonta, shi ya sa take yawan zana kanta. A wani zanen na 1944 ƙirjinta a tsage yake, tsagaggen ginshiƙi a madadin ƙashin baya, ƙusoshi a jikinta ko'ina. A na 1946 barewa ce mai fuskar Frida, kibau sun soke ta.

To, yaya za a yi rawar matar da tafiya ma wahala take ba ta, wadda aka yanke wa ƙafar dama a 1953? Lopez Ochoa ta ciro abubuwan da ke cikin zanen ta ba su rai. Barewar ta zama 'yar rawa mai bin Frida. Ƙwarangwal suna zagaye ta, suna tsokanar ta. Maza ƙarti suka sa dogayen siket da adon kai irin nata, suka zama fuskokinta da ta zana. Wannan na ƙarshen, na sani, da wuya iyayen Maitama su tafa masa, ni kuwa a ganina nan ne wasan ya fi ƙarfi. A 2020 Lopez Ochoa ta faɗaɗa shi ya zama cikakken wasa a Amsterdam, da suna Frida.