Waiwaye: Yadda Tabkin Cadi ya janye daga Gigime

Wanda ya taso daga tashar Damagaram ya yi gabas zai wuce Mirya, ya tarar da Gidimuni da dabinonta da ɗan tabkinta, sannan Gure, Gudumariya, Maine-Soroa da Diffa. Kusan kilomita 600 ke nan kafin ya sauka Gigime. A nan baƙo kan tambayi ina ruwan, sai a nuna masa gabas a ce da saura. Alhali a farkon shekarun 1960 garin a bakin ruwa yake.

A 1963 faɗin Tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000. Shekara guda bayan nan Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da shi a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau. Sai fari ya zo. A 1973 ruwa ya ja da baya har wani tudu ya ɓullo a tsakiya, ya raba tabkin gida biyu, kudu da arewa.

Wannan rabuwa ita ce asalin matsalarmu, kuma ba kasafai ake faɗinta ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, su kuwa a kudu suke zuba. Rabon Nijar yana arewa, saboda haka sai kudu ta ƙoshi, ruwa ya tsallake tudun, sannan ya iso mana. Shekarar da bai tsallake ba, sai dai a jira kogin Komadugu Yobe, wanda shi ma an datse masa rassa tun daga Kano, da dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992. Lokacin farin 1984 ɓangaren arewa ya ƙafe ƙaf. Masunta suka jingine taru, suka shuka masara da wake a inda da suke kamun tarwaɗa. Shanun Kuri masu kumburarren ƙaho, waɗanda suka saba iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, suka rasa makiyaya.

Daga ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya soma dawowa, kuma a 2022 da 2024 ambaliya ce ma ta raba dubban mutanen jihar Diffa da gidajensu. Shi ya sa ban yarda da masu cewa tabkin ƙafewa kawai yake yi ba. Abin da ke karya talaka shi ne bai san inda gaɓa za ta tsaya baɗi ba, balle ya san gona zai nema ko kwalekwale.

Ana cikin haka Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa a Fabrairun 2015. Aka kwashe mutanen tsibirai, aka hana cinikin kifi da tattasai na wani lokaci, har masu sayen banda a kasuwar Dole ta Damagaram suka ji a jikinsu.

Maganar jawo ruwa daga yankin kogin Kongo, wato shirin Transaqua, an sake tayar da ita a taron Abuja na 2018, amma har yau tana kan takarda. A ganina, daidaita sakin ruwan madatsun Kano da buɗe wa masunta hanya cikin aminci sun fi wannan kusa da hannu, kuma su ya kamata wakilanmu su riƙa matsawa a kai a zaman hukumar kula da tabkin.