Tseren keken dutse na zango-zango: mene ne shi, kuma a ina wahalarsa take?

Idan aka ce tseren keken dutse na zango-zango, ana nufin gasar da ake yi a kan keke mai kaurin taya, a bar kwalta a shiga daji da duwatsu, kuma ba a gama ta a rana ɗaya. Ana yanka tafiyar kashi-kashi, kowace rana da nata rabon, wannan rabon shi ne zango. Kalmar ta zauna daram, domin zango shi ne inda matafiyi yake sauke kaya ya kwana, shi ne kuma tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Da safe a tashi, a rubuta lokacin da kowa ya ci kafin ya isa, washegari a ɗora a kan na jiya. Ranar ƙarshe, wanda jimillar sa'o'insa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara. Saboda haka mutum yana iya lashe gasar bai taɓa zuwa na ɗaya a zango ko guda ba, wani kuma ya ci zango uku a jere amma gasar ta kuɓuce masa don sarƙa ta tsinke masa a rana ta huɗu.

Wadda ta fi suna a duniya ita ce Cape Epic, a lardin Western Cape na Afirka ta Kudu. Kevin Vermaak ne ya kafa ta, aka fara a 2004 daga Knysna zuwa yankin Stellenbosch. Kwana 8 ake yi, yawanci a watan Maris, ranar farko gajeren zangon share fage ne, sauran bakwai kuma cikakku. Hanyar tana canzawa kowace shekara, amma tsawonta yakan kai kilomita 600 zuwa 700, hawan da ke ciki kuma ya kai mita 15,000 ko ya ɗara. Dutsen Everest mita 8,849 ne daga bakin teku, ke nan a mako guda mahayi ya kusa hawa shi sau biyu da ƙafafunsa. Kafin ita akwai Transalp, wadda aka fara a 1998, ana ratsa tsaunukan Alps daga kudancin Jamus ko Ostiriya zuwa yankin tafkin Garda a Italiya cikin mako guda, hawanta ma ya kan fi na Cape Epic yawa.

Wanda ya saba kallon Tour de France, babbar gasar keken titi ta Faransa, zai iya raina waɗannan alƙaluman. Can ana yin zango 21, kilomita sama da 3,000, to mene ne 700? Amsar tana ƙarƙashin taya. A kan kwalta mai santsi mahayi yana laɓewa a bayan 'yan uwansa, su tare masa iska, ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Ga motar ƙungiya biye da shi, taya ta yi faci a sauya masa cikin daƙiƙu. A daji babu mota a bayanka. Laɓewa a bayan wani ba ta amfana maka komai idan kuna jan jiki a hawa mai tsakuwa da gudun da bai fi na mai sassarfa ba. Yashi yana riƙe taya, taɓo yana cika giya har sarƙa ta daina juyawa, dutse yana karɓe ƙarfin kowane bugun feda. Kilomita 100 da mai keken titi zai cinye cikin sa'a uku, a nan sai ta ci wa mutum yini guda.

Sannan gangara, wadda a titi hutu ce, a nan aiki ce. Ka tashi daga sirdi, ka tsaya a kan feda, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, yatsu a kan birki, ido yana karanta ƙasa mita goma a gaba: wannan dutsen zai motsa, wancan saiwar tana da santsi, ga rami bayan kwana. Bayan minti ashirin a haka hannu yakan sandare har ya kasa matse birki da kyau. Mutum ya iso gindin dutsen ƙafa ba ta huta ba, kai kuma ya gaji da lissafi. Faɗuwa mai muni takan zo a irin wannan lokacin, da la'asar, a wurin da da safe ne da zai wuce ba tare da tunani ba. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji shi ne wanda masu keke suka fi karyawa, kuma karyewarsa ita ce ƙarshen gasar mutum.

Duk wannan wahalar rana ɗaya ce, kuma mai ƙoshin lafiya da ya yi atisaye zai iya jure rana ɗaya kowace iri ce. Abin da ya sa tseren zango ya zama wani abu dabam shi ne bashin da jiki yake ci kowace rana, wanda dare ɗaya ba ya isa a biya shi.

A duba lissafin. Mahayi da kekensa da ruwansa, a ce nauyinsu kilo 85. Ɗaga wannan nauyin mita 2,000 sama, wanda hawan zango guda ne mai matsakaici, yana cin kalori wajen 1,700, ba a sa turjiyar ƙasa da ta iska ba, ba a sa abin da jiki yake ƙonawa don kawai ya rayu ba. Sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta kuwa bai wuce kalori 2,000 ba ko kusa da haka, kuma aiki mai tsanani yana iya ƙarar da shi cikin sa'a biyu. Dole a ci a kan keke. Amma hanji yana da iyaka: abin da yake iya tsotsa a sa'a guda giram 60 ne na sukari, ya kai 90 idan an gauraya iri biyu kuma an horar da ciki tun a gida. Wannan bai kai kalori 400 ba, alhali mahayi yana ƙona fiye da haka a kowace sa'a. Kullum a giɓi ake. Ranar da giɓin ya kai maƙura, mutum yakan ji kamar an zare masa laka, ƙafa ta ƙi, ido ya yi duhu, tunani ya dagule, har ƙaramin tudu ya gagare shi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ciki yakan juya wa mutum baya daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Kwana uku ana ɗura masa zaƙi ana girgiza shi a kan duwatsu, jini ya bar hanji ya tafi ƙafafu, a rana ta huɗu sai ya ƙi karɓar komai. Mahayi ya zauna gaban faranti da yamma, ya san idan bai ci ba gobe ba zai kai ba, amma loma ta ƙi wucewa. A sansanin da mutum sama da dubu suke cin abinci wuri guda, jikinsu duk a raunane, gudawa da amai suna yaɗuwa da sauri, kuma sun fitar da mahayan da duwatsu suka kasa fitarwa.

Ruwa ma haka. A rana mai zafi mutum yana zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a sa'a, gishirin jikinsa yana fita tare. Idan bai sha ba jini ya yi kauri, zuciya ta ƙara gudu, zafin jiki ya hau har ya kai ga hatsari. Idan kuma ya yi ta ɗirkar ruwa zalla babu gishiri, gishirin jininsa ya yi ƙasa, wannan ma yana iya kisa. Watan Maris ƙarshen lokacin zafi ne a Western Cape, zafi yakan kai digiri 40 a cikin kwaruruka. A 2017 sai da masu shirya Cape Epic suka gajarta zango guda saboda tsananin zafin.

Akwai kuma ciwon da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Sa'a bakwai ko takwas a kan sirdi, ga gumi, ga ƙura, ga girgiza, fatar mazaunai takan saɓe, ta yi ƙuraje, wani lokaci maruru. Washegari a kan wannan gyambon za a sake zama. A Cape Epic har wuri na musamman ake keɓewa a tantin likitoci don wannan, kuma tun da asuba ake yin layi a ɗaure wa kowa ciwonsa kafin a tashi. Wanda bai taɓa hawa keke da nisa ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne ga wanda zai zauna a kansa yini guda.

A nan ne nake ganin mutane suke kuskuren auna gasar. Ana kallon na gaba, irin su Christoph Sauser da Karl Platt da kowannensu ya ci Cape Epic sau 5, ko Annika Langvad da ta ci ta mata sau 6, ko Nino Schurter, a ce ai su ne suke shan wuya. Gudun da suke yi babu mai musun tsananinsa. Amma gwani yakan gama zango cikin sa'a huɗu ko biyar. Kafin azahar ya yi wanka, makanike ya karɓi kekensa, an matsa masa jiki, ya ci, ya kwanta a gado. Na baya, wanda malami ne ko likita ko ɗan kasuwa da ya ɗauki hutu ya zo, yana can cikin rana har sa'a tara ko goma. Ya iso da yamma liƙis, ya kai keke wanki, ya bi layin wanka, ya duba birki da sarƙa, ya cika gorunan gobe, ya tilasta wa kansa abinci, ya shiga ƙaramin tanti a cikin ɗaruruwan tantuna. Zuciya ba ta daina bugawa da sauri ba, ƙafa tana zogi, barci ya ƙi zuwa. Ƙarfe biyar ya farka, ƙarfe bakwai an tashi. Shi ne ya fi daɗewa a rana, shi ne kuma ya fi ƙarancin hutu, kullum tazarar tana ƙaruwa. Hanya ɗaya suka bi, amma ba gasa ɗaya suka yi ba.

Ga agogo kuma a bayansa. Kowane zango yana da iyakar lokacin da dole a isa. A Cape Epic wanda ya makara ana iya barinsa ya ci gaba washegari da shuɗin allon lamba a gaban kekensa, amma ya fita daga jerin waɗanda suka kammala. Mutum ya yi shekara yana shiri, faci biyu da taimakon wani da ya faɗi su sa ya makara da minti kaɗan.

Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta abokin tafiya. A Cape Epic bibbiyu ake shiga, kuma an hana tazarar da ke tsakanin abokan biyu ta wuce minti 2, lokacin na biyun ake rubutawa. An yi ta ne don tsaro, kada wani ya faɗi a daji shi kaɗai. Amma tana nufin ƙarfinka ba naka ba ne. Yau kai ne mai ƙarfi, kana waiwaye kana jira, kana sa hannu a bayansa kana tura shi a hawa. Gobe kai ne ake jira, kana ganin abokinka yana rage gudu saboda kai, kana jin nauyin haka fiye da nauyin ƙafarka. Masu gogewa sukan ce a zaɓi aboki don halinsa kafin ƙarfinsa, kuma a yi magana tun kafin abu ya lalace: in ka ji kana ƙarewa ka faɗa, kada ka ɓoye don kunya. Idan ɗaya ya janye, ɗayan yana iya ƙarasawa shi kaɗai, amma ƙungiyar ta fita daga lissafi.

Kowace gasa da irin tata azabar. La Ruta de los Conquistadores a Kosta Rika, wadda aka fara a 1993, kwana uku ce kawai a yawancin shekaru, daga bakin tekun Fasifik zuwa na Karibiyan, amma akwai taɓon kurmi inda ake saɓa keke a kafaɗa a taka, da hawan duwatsu masu aman wuta, da tsallake tsofaffin gadojin jirgin ƙasa a ƙafa, kogi yana gudu a ƙarƙashin katakan. Breck Epic a Colorado ta Amurka tana tashi daga garin da yake kusan mita 2,900 sama da teku, inda iska ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, numfashi ya kasa ƙosar da mutum ko a barci. BC Bike Race a Kanada zangonta gajeru ne, sai dai kusan dukansu siririyar hanya ce mai saiwa da duwatsu da take neman gwanintar hannu. Titan Desert a Maroko yashi ne da rana da neman hanya. Shi ya sa kilomita kaɗai ba ta gaya maka komai. Sai ka tambayi hawa nawa ne, ƙasar wace iri ce, yanayin yaya yake.

To, wanda ba gwani ba zai iya? Yana iyawa, mafi yawan masu shiga ma ba ƙwararru ba ne, kuma mafi yawansu suna kammalawa. Amma shirin watanni ne, ana hawa sa'o'i da yawa kowane mako, musamman a jera kwana biyu ko uku ana doguwar tafiya don jiki ya koyi aiki a gajiye. A koyi gyaran faci da haɗa sarƙa da hannu mai rawa. A gwada duk abin da za a ci tun a gida. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ranar farko: jiki sabo, jama'a suna ihu, sai ya bi gudun da ba nasa ba, ya ci bashin da zai biya kwanaki kaɗan a gaba. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, a nan maganar a zahiri take.

Wanda ya kammala Cape Epic sau uku ana sa shi a cikin Amabubesi, wato zakuna da harshen Zulu. Ba a tambayar ko na nawa ya zo. Abin da ake ƙirgawa shi ne safiya 24 da ya fito daga tanti, ya ɗaura hular kwano, ya tura kekensa zuwa layin tashi.