Yardar majiyyaci

Yardar majiyyaci ita ce amincewar da marar lafiya yake bayarwa kafin a yi masa magani, tiyata ko gwaji, ko a sa shi cikin bincike, bayan an bayyana masa abin da ke damunsa, abin da za a yi masa, hatsarin da ke ciki da sauran hanyoyin da zai iya zaɓa. A asibitocin Kano an fi saninta da "sa hannu", domin takardar da ake miƙowa a ƙofar ɗakin tiyata ita ce abin da ido yake gani. A wurin doka kuwa takardar shaida ce kawai, yardar tana cikin bayanin da aka yi kafin a ɗauki biro. Wanda ya dangwala yatsa a kan fom ɗin Turanci da ba a fassara masa ba, bai yarda da komai ba tukuna.

Abin da doka ta tanada

Babbar madogara ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 23 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da jikinsa yake ciki, hanyoyin bincike da na magani, amfaninsu da hatsarinsu da kuɗinsu, da kuma cewa yana da damar ya ƙi. Sashen ya ce a yi bayanin da harshen da mutum yake ji, a kuma duba ko ya iya karatu. A Kano wannan yana nufin Hausa ga mafi yawan jama'a. Sashe na 26 ya mai da duk abin da ya shafi ciwon mutum sirri, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko buƙatar iyayensa ko waliyyinsa idan yaro ne ko ba zai iya ba da izini ba, ko umarnin kotu ko na wata doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban hatsari. Sashe na 20 kuma ya hana a kori wanda aka kawo cikin gaggawa saboda kowane dalili.

Kotun Ƙoli ta riga dokar yin magana. A 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, likitan da bai yi wa wata majiyyaciya ƙarin jini ba saboda ta ƙi bisa aƙidarta ta Shaidun Jehobah, kotun ta ce baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga rasa rai. A 2019, a shari'ar Esabunor, ta nuna iyakar wannan iko: iyaye ba za su hana ɗansu ƙarami maganin da zai ceci ransa ba.

Gwajin Trovan

Kano ta san darajar wannan magana ta hanya mai zafi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara kusan 200. Rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba. Yara 11 sun rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka taimako ne aka kawo. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Abin da aka rasa ya fi kuɗi. Da gwamnatin jihar ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, labarin Asibitin Zana yana cikin hujjojin da mutane suke kawowa a majalisa da ƙofar masallaci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Majiyyaci da danginsa

Doka tana kallon mutum ɗaya, amma Bakano ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Mai jinya ne yake yankar kati, ya sayo magani, ya kawo abinci, ya nemo mai ba da jini, ya kwana a kan tabarma a gefen gado, kuma bayan sallama shi ne zai ci gaba da wanke ciwo da juya tsohon da ba ya iya tashi. Kulawar da wasu ƙasashe suka ɗora wa hukumomin jin daɗin jama'a, a nan a wuyan dangi take. Saboda haka likitan da ya ware su daga shawara ya yi wa jinyar illa, domin su ne za su aiwatar da ita a gida.

Matsalar tana tasowa ne idan dangi suka maye gurbin mai ciwon. Sau da yawa ana jan likita gefe a ce kada a gaya wa Baba cewa ciwon daji ne, kada hankalinsa ya tashi. Tausayi ne ya kawo hakan, amma Baban yana da bashin da yake so ya biya da wasiyyar da yake so ya bari, kuma jikinsa ne. Hanya mafi dacewa ita ce a tambaye shi tun farko wa yake so a yi maganarsa da shi, kuma me yake so ya sani.

Mafi nauyi shi ne batun mai naƙuda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ba ta ce sai da sa hannun miji za a yi wa mace baliga tiyatar haihuwa ba, nata ya isa. Duk da haka ana samun matar da take zubar da jini tana cewa a jira Malam ya dawo daga kasuwa, ko ma'aikatan da suke tsoron rigimar da za ta biyo baya. Shawara da miji abu ne mai kyau, kuma lokacinta shi ne zamanin awon ciki, ba daren da jini ya ɓalle ba. Fiƙihun da jama'ar gari suke bi ya sa kare rai cikin manyan manufofin shari'a, ƙa'idarsa kuma ita ce a kawar da cuta.

Sirri da sababbin dokoki

Yanzu da asibiti da ɗakin gwaji da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha suke musayar bayanan mutum ta kwamfuta, yarda ta shafi takardu kamar yadda ta shafi jiki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda aka sa wa hannu a farkon 2023, ta maye gurbin dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mai taɓin hankali ba da sonsa ba.

A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta wajabta gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da nau'in ƙwayar jini (genotype) saboda sikila. A nan gwajin ya fita daga zaɓi ya zama dole, don kare abokin zama da 'ya'yan da za a haifa. Sai dai wajabcin gwaji bai ɗage sirrin sakamakonsa ba. Takardar da ta ratsa hannun waliyyi da liman da 'yan kai kuɗin aure tana iya bayyana ciwon yarinya ga unguwa baki ɗaya, ko da auren bai yiwu ba.