Sauyin Masu Karɓar Allurar Bayolojik a Ciwon Egzima

Egzima mai alaƙa da alaji ciwon fata ne mai naci, wanda ke zuwa da bushewa, kumburi da ƙaiƙayin da kan hana barci. Magungunan bayolojik furotin ne da ake samarwa daga ƙwayoyin halitta masu rai. Ana yin allurarsu a ƙarƙashin fata don su toshe wasu saƙonnin garkuwar jiki, maimakon a danne garkuwar baki ɗaya. Tun fitowarsu, irin marasa lafiyar da ake rubuta wa su yana ta sauyawa.

Na farko shi ne dupilumab, na kamfanonin Regeneron da Sanofi, mai tare saƙon IL-4 da IL-13, wasu furotin biyu na garkuwar jiki masu haddasa kumburi. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2017, ga manya kaɗai. Waɗanda suka fara samunsa mutane ne da ciwon ya daɗe yana wahalar da su. Irinsu shi ne wanda tun yana ƙarami yake susa, har fatar lanƙwasar hannu da ta bayan gwiwa ta yi kauri, ta tsattsage, zanin gado kuma ba ya rabuwa da ɗigon jini. Ya shafa mayukan siteroyid, ya sha ciclosporin, maganin danne garkuwar jiki, har hawan jini ko matsalar ƙoda ta sa aka dakatar, aka koma methotrexate ko azathioprine. Dokokin biyan kuɗi ma sun taimaka wajen tace su: a Ingila, hukumar NICE, mai tantance magungunan da gwamnati za ta biya kuɗinsu, ta shardanta a 2018 cewa sai an gwada aƙalla magani ɗaya irin waɗancan masu danne garkuwa bai yi ba.

Da aka sallami wannan rukuni da ya daɗe yana jira, likitoci kuma suka saba da allurar, sai aka fara bayar da ita da wuri. Waɗanda suka biyo baya kan zo da makin EASI ƙasa da na farkon (ma'aunin tsananin egzima ne daga 0 zuwa 72), kuma magungunan da suka gwada a baya ba su kai na wancan rukuni ba.

Shekaru ma sun sauko. A Amurka an buɗe ƙofa ga 'yan shekara 12 zuwa 17 a 2019, 'yan 6 zuwa 11 a 2020, sannan jarirai daga wata shida a 2022.

Daga baya tralokinumab ya shigo a 2021, lebrikizumab a Turai a 2023, nemolizumab a Amurka a 2024, ga kuma ƙwayoyin sha masu toshe JAK, wasu furotin da ke isar da saƙon kumburi a cikin ƙwayoyin halitta. Nan sai wani sabon rukuni ya ɓullo: masu sauya sheƙa. Da yawa cikin waɗanda aka fara ɗora wa sababbin alluran sun riga sun gwada dupilumab, ko dai bai karɓe su ba, ko jan ido ya dame su.

Wannan ne ke sa kwatance wuya a rajistocin marasa lafiya irin su BioDay na Holan da TREATgermany na Jamus. Sabon magani kan gaji waɗanda tsohon ya kasa, don haka sakamakonsa na iya fitowa da rauni ko da ƙarfinsa bai gaza ba. Shi ya sa masu nazari kan raba marasa lafiya bisa shekarar da suka fara allura da kuma abin da suka sha kafin nan.