Ba John F. Kennedy ne ya fara siyasa a gidansu ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa siyasar gidan Kennedy ta faro ne daga John, shugaban Amurka na 35. Gado ya tarar. Kakan mahaifinsa ko kusa bai taɓa mulki ba, shi maƙerin gangunan katako ne da ya baro Wexford ta ƙasar Ireland ya sauka Boston a 1849. Amma ɗansa Patrick Joseph, kakan John na wajen uba, da ribar mashaya ya kafu, har ya zauna a majalisun jihar Massachusetts biyu. Kakansa na wajen uwa kuwa, John Fitzgerald, sau biyu yana magajin garin Boston, farko a 1906. Ko da John ya tsaya takarar majalisar wakilai a 1946, unguwannin Boston sun daɗe da sanin sunayen nan biyu, ga kuma kuɗin mahaifinsa Joseph.