Waiwaye: naman kaza na yumɓu da tarihin sashen ilimin halittu

A tsofaffin jami'o'in Turai da Amurka, ba wuya mutum ya shiga sashen ilimin halittu ya ci karo da wani akwatin gilashi a lungun baranda, cike da naman kaza wanda ba ya ruɓewa. Wani na gasasshen yumɓu ne, wani na filasta, wani na takarda da aka jiƙa da manne aka daskarar. Ɗalibai na wucewa ta gabansa kullum suna ɗauka ado ne, alhali da shi aka koyar da kakanninsu.

Abin da ya sa aka fara ƙera su a fili yake. Ganye ko fure ana matse shi tsakanin takardu ya bushe, ya shekara ɗari ana gane shi. Naman kaza kuwa, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. In aka busar da shi sai ya motse, ya yi duhu, hular ta lanƙwashe. In aka tsoma shi a barasar adana kaya sai launin ya wanke. Ga shi yawancinsa a Turai 'yan makonni yake fitowa a lokacin kaka, karatu kuma ana yinsa har cikin hunturu, lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Malami na da suna a littafi, ba shi da abin ɗorawa a tebur.

Wanda ya yi fice a farko shi ne James Sowerby, mai zanen tsirrai na Landan, wanda aka haifa a 1757 ya rasu a 1822. Ya ƙera siffofin naman kazan Ingila kusan 200, yawanci da yumɓun da ba a gasa ba, ya jera su a gidansa da ke Lambeth domin jama'a su zo su koyi bambanta wanda ake ci da mai guba. Gidan tarihin Birtaniya ya saye su a 1844, daga baya masanin naman kaza Worthington G. Smith ya gyara su, ya rubuta musu littafin jagora a 1893. Yawancinsu sun salwanta a ruwan bama-baman da aka yi wa Landan a 1940, kaɗan ne suka tsira. Ɗanyen yumɓu dama in ya sha girgiza sai ya marmashe, in ya sha ruwa sai ya koma laka.

Bayan tsakiyar ƙarni na 19 abin ya zama sana'a. Jami'o'in Jamus sun fara buɗe ɗakunan gwaji, ɗalibai sun ƙaru, madubin ƙara girma kuma bai isa kowa ba. Robert Brendel ya kafa kamfaninsa a Breslau a 1866, yana ƙera siffofin tsirrai masu girma waɗanda ake kwancewa gaɓa-gaɓa, tare da shawarar masanin tsirrai Ferdinand Cohn. A Faransa ma'aikatar Louis Auzoux na yin irin wannan da daskararriyar takarda. Sashe sai ya duba littafin kayan kamfani, ya zaɓi lamba, a aiko masa a akwati. Shi ya sa ake samun siffa iri ɗaya a jami'o'in da ke nesa da juna.

Jami'ar Harvard a Amurka ta isa misali, domin a can ana iya bin tarihin sashen ta cikin akwatunansa. A 1879 aka naɗa William Gilson Farlow farfesan tsirrai marasa fure, bayan ya yi karatu a wurin masanin funfuna Anton de Bary a Strasbourg. Sunan muƙamin kansa labari ne: tun daga Linnaeus, masanin da ya tsara sunayen tsirrai a 1753, ake lissafa naman kaza da funfuna cikin tsirrai, saboda haka a sashen tsirrai ake koyar da su. A 1886 George Lincoln Goodale, shugaban gidan tarihin tsirrai na jami'ar, ya tafi Jamus ya roƙi Leopold Blaschka da ɗansa Rudolf, maƙeran gilashi da ke kusa da Dresden, su yi masa tsirrai. Elizabeth Ware da 'yarta Mary Lee Ware suka ɗauki nauyin kuɗin. Aikin ya ci shekara 50, ya ƙare a 1936 da siffofi kimanin 4,300. Daga cikin na ƙarshe da Rudolf ya yi akwai 'ya'yan itatuwa masu ruɓewa, funfuna ta kama su, an nuna kowace cuta da launinta. Wannan ba son rai ba ne. A lokacin hankalin masana ya koma kan cututtukan amfanin gona, kuma akwatin ya bi su. Haka a Cambridge ta Ingila, inda masanin cututtukan tsirrai Dillon Weston ya riƙa ƙera ƙananan funfuna da gilashi, ya ninka girmansu sau ɗaruruwa, har rasuwarsa a 1953. Siffofin nasa suna gidan tarihin Whipple da ke Cambridge yanzu.

Na yumɓu ya fi na gilashi sauƙin kuɗi da jure hannu, amma ƙera shi daidai akwai wuya. Ana fara da tono naman kazan gaba ɗaya da wuƙa, har gindin da ke cikin ƙasa, a auna faɗin hula da tsawon kara, a rubuta launi nan take kafin ya sauya. Hula da kara daban-daban ake gina su. Yumɓu na raguwa da kashi 10 zuwa 13 cikin 100 tsakanin bushewa da gashi, saboda haka mai son hula mai faɗin santimita 10 sai ya fara da kusan 11 da rabi. Wanda ya manta da wannan zai fito da siffar da ta gaza na gaske, kuma girma na cikin abin da ake gane iri da shi. Karan ana rarake cikinsa, a bar ƙaramar kafa a gindi, kada kaurin ko'ina ya wuce santimita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne siraran fallayen da ke ƙarƙashin hula. Kaurinsu milimita ɗaya ko biyu ne, sai su riga hular bushewa, su ja jiki, su tsage daga inda aka liƙa su. Maganinsa a rufe da leda, a bar shi ya bushe a hankali na mako ɗaya ko biyu, nesa da rana da iska. A tanderu ma ba a gaggawa. Ana riƙe zafi ƙasa da digiri 100 na wasu sa'o'i har sauran danshi ya fita, in ba haka ba tururi ya fasa kayan daga ciki. Akwai wani wurin haɗari kuma a digiri 573, inda ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, a hawa da sauka duka. Gashin farko na kai wa kusan digiri 1,000.

Sai batun launi. Ja da shunayya na yawan dusashewa a wuta mai ƙarfi, shi ya sa maƙera da yawa ke shafa fenti bayan gashi. Ruwan ƙyalli irin na kwanon tangaran yana da kyau a ido, amma yana sa busasshiyar hula ta yi kamar mai yauƙi, kuma yauƙi alama ce da ake rarrabe iri da ita. Siffar da aka ƙawata fiye da kima ƙarya take koya wa ɗalibi.

Amfanin siffa mai kyau ya fi fitowa a kan Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya. Fallayensa farare ne, yana da zobe a kara, gindinsa kuma na zaune cikin wata 'yar jaka da ƙasa ke rufewa. Mai tsinka da ya karya karan daga sama ya bar babbar shaidar a ƙasa. Gubar ba ta nuna kanta sai bayan sa'o'i 6 zuwa 24, dafuwa ba ta kashe ta, kuma hanta take ci. Siffar yumɓu na nuna jakar a fili, ɗalibi ya juya ta a hannu. Amma akwai abin da yumɓu ba zai iya ba: ba shi da wari, ba ya sauya launi in an ƙwarzane shi kamar irin da ke komawa shuɗi ko rawaya, ba ya fitar da farin ruwa kamar dangin Lactarius. Babu wanda ya kamata ya ci naman kaza don kawai ya yi kama da na akwati.

Abubuwa biyu suka tura waɗannan kaya lungu. Hoto mai launi da majigi sun sauƙaƙa darasi, sannan ilimin kansa ya sauya gida. A 1969 masanin halittu Robert Whittaker ya ware naman kaza da danginsa a babban rukuni nasu daban da tsirrai, binciken ƙwayoyin gado a shekarun 1990 kuma ya nuna sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Jami'o'i da dama sun haɗe sashen tsirrai da na dabbobi ya zama sashen ilimin halittu guda, aka mayar da ɗakunan ajiya ɗakunan gwaji. A irin wannan ƙaura ne kaya ke karyewa, takardun suna su rabu da siffofinsu.

Sashen da ya gaji irin wannan akwati ya fara da tantance ko yumɓun gasasshe ne kafin ruwa ya kusance shi. Ƙura ana share ta da lallausan buroshi. Ana ɗauka ta gindin katako da hannu biyu, ba ta hula ba, da safar hannu, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma, wani koren ma har da sinadarin arsenik mai guba. Abin da ya karye a liƙa shi da mannen da za a iya narkarwa daga baya, irin Paraloid B-72 da masu gyaran kayan tarihi ke amfani da shi. Tsohuwar takardar suna kuma kada a cire ta ko da sunan ya sauya. A rubuta sabon a gefe, a bar na da, domin rubutun hannun da lambar kamfanin su ne ke nuna wanda ya sayo kayan da zamanin da aka koyar da su.