Ɗumi da Sanyi a Akwatin Ƙaramar Mesa: Tambayoyin Masu Kiwonta a Kaduna

Ƙaramar mesar da nake magana a kanta ita ce wadda idan ta tsorata takan naɗe jikinta kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya, har ka iya ɗaukarta a tafin hannu kamar ƙwallo. Masana suna kiranta Python regius. Ba ta da dafi, da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma idan ta samu kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai ita. Masu kiwonta a Kaduna ba mu da yawa. Duk wanda ya zo mini da tambaya, ta abinci yake fara yi, alhali abin da ya fi illata dabbar nan a gidajenmu shi ne zafi da sanyi. Ga tambayoyin da na fi sha, da abin da nake amsawa.

Malam, ai 'yar ƙasa ce. Macijin da asalinsa Afirka ta Yamma, me zai sa a ɗumama masa wuri a Kaduna?

Gaskiya ne, 'yar ƙasa ce. Ana samunta tun daga Senegal har zuwa Yuganda, da Nijeriya a ciki, kuma yawancin waɗanda aka kai Turai da Amurka daga Gana da Togo da Benin aka fitar da su. Amma a tambayi a ina take kwana a dajin. Ba ta wuni a fili. Ramin gafiya take shiga, ko tsohon suri, ko ƙarƙashin saiwar bishiya, sai dare ya yi ta fito farauta. Cikin rami kuwa yanayi ba ya tsalle-tsalle irin na waje: da rana ƙasa ta tare zafi, da asuba ta riƙe ɗumin jiya, ga danshi ko da rani. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa mai rufin soro, sannan ya kwana a ɗakin bulo mai kwano ba silin, ya san abin da nake nufi.

Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar mu ko kaza. Daga waje yake samu. Idan ya ji sanyi sai ya matsa wuri mai ɗumi, idan ya ji zafi sai ya nutsa cikin rami. Da ka sa shi a akwati ka ƙwace masa wannan zaɓi, sai abin da ka tanadar masa. A Kaduna kuma, asubahin Disamba da Janairu sanyi yakan sauko zuwa digiri 15 na ma'aunin Selsiyas a waje, wani lokaci ƙasa da haka, sannan a Maris da Afrilu rana takan haura digiri 35. Duka biyun sun fita daga abin da jikinta ke ɗauka.

A nan ne nake jan kunnen masu kallon bidiyon Turawa. Mutumin da ke Ingila yana fama da sanyi kusan duk shekara, don haka maganarsa duka ta ƙara ɗumi ce. Mu namu aikin biyu ne: ɗumamawa a daren hunturu da sanyin Agusta, sanyayawa kuma a bazara. Wanda ya kwafi tsarin Bature ya bar shi a kunne har Afrilu, dafa macijinsa zai yi.

To digiri nawa ake nema?

Akwatin ya rabu gida biyu. Ɓangaren ɗumi ya tsaya tsakanin digiri 30 da 32, ɓangaren sanyi tsakanin 24 da 27. Da dare ba laifi idan ko'ina ya sauka zuwa 24, amma kada ya dinga yin ƙasa da haka. Daga 35 zuwa sama an shiga haɗari.

Kowane ɓangare a sa masa maɓoya, matsattsiya, mai ƙofa ɗaya. Wannan mesa matsoraciya ce ƙwarai. Idan maɓoya ɗaya ce tak, a can za ta lafe ko da wurin na ƙona ta ko yana daskarar da ita, don ta fi tsoron fili. Ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kife aka fasa mata baki ta isa. Wadda ta gama girma tana son akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, domin a ƙaramin akwati ɗumi kan mamaye ko'ina, ɓangaren sanyi ya ɓace.

Da me zan ɗumama? An kawo mini kaya daga Amurka.

Kafin komai, ɗan'uwa, juya kayan ka karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ka jona kai tsaye, ko dai ya ƙone ko ya yi zafin da ya wuce ƙima. Sai da na'urar rage ƙarfin wuta.

Ga yanayinmu, tabarmar ɗumi ta lantarki mai wat 15 ko 20 tana wadatarwa a yawancin gidaje. Ana shimfiɗa ta a ƙarƙashin akwati daga waje, ta rufe kashi ɗaya cikin uku na ƙasan, a ɗan ɗaga akwatin da ƙananan katakai don iska ta wuce. Rauninta shi ne ƙasa kawai take ɗumamawa, iska kuwa tana nan da sanyinta. Idan ɗakinka mai sanyi ne sosai, ko kana kwana da na'urar sanyaya ɗaki, sai ka ƙara da ƙwan tangaran, wanda ke ba da zafi ba tare da haske ba. A sa shi a mariƙin tangaran, don na roba narkewa yake yi, a kuma kewaye shi da ragar ƙarfe. Mesa tana hawa, za ta kuma naɗe duk abin da ta samu.

Jan ƙwan da ake sayarwa wai na dare, a bar shi. Tana bukatar duhu. Dutsen ɗumi na lantarki da ake sakawa cikin akwati kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Dole ne sai na sayi tamostat? Ai ina taɓa tabarmar da hannu ina jin yadda take.

Dole ne. Idan kuɗinka ba su kai na tabarma da tamostat tare ba, ka jinkirta sayen macijin.

Tamostat ita ce na'urar da ke tsakanin soket da tabarma. Tana da 'yar waya mai kan aunawa. Idan zafi ya kai inda ka saita sai ta yanke wuta, idan ya sauka ta mayar. Tabarmar da aka jona kai tsaye ba ta san iyaka ba, takan haura digiri 45 a ƙarƙashin shimfiɗa. Hannunka kuma ba ma'auni ba ne. Fatar tafin mutum tana wajen digiri 32 zuwa 34, don haka wurin da ya dace da mesa da ƙyar za ka ji ɗuminsa. In ka taɓa ka ji "ɗumi mai daɗi", to ya riga ya yi mata yawa.

Abin da ke sa wannan ya zama bala'i shi ne maciji ba ya zabura ya bar wuri mai zafi kamar yadda kyanwa za ta yi. Zai kwanta a kai har ya ƙone. Na taɓa ganin wata da wani matashi ya kawo mini a rigar filo, hankalinsa a tashe. Da muka juya cikinta, wanda ya kamata ya zama fari tas, sai ga shi ja-ja-wur tun daga tsakiya zuwa kusa da wutsiya, ɓawon ya tattare ya yi ruwan ƙasa a gefe-gefe, wasu wuraren sun ɗuri ruwa. Ya ce, "Wallahi Yaya, kullum sai na taɓa." Na yarda da shi. Kwana uku kacal tabarmar ta yi a jone. Ta rayu, amma sai da ta yi saɓa da yawa kafin wurin ya rufe, tabon kuma yana nan.

Tamostat iri-iri ce. Mai kunnawa da kashewa ta isa ga tabarma. Ƙwan da ke ba da haske yana son mai rage ƙarfin wuta a hankali, in ba haka ba zai yi ta ƙyaftawa. Ita ma na'ura ce, tana lalacewa, wani lokaci kuma ta lalace a kunne. Shi ya sa nake son abin ɗumi mai ƙaramin wat: ko tamostat ta mutu, ɓarnar ba za ta zo da sauri ba. A haɗa ta da sitabilaiza, kuma duk lokacin da aka dawo da wuta a leƙa a tabbatar saitin bai goge ba.

A ina zan sa kan wayar aunawar?

A daidai wurin da ya fi zafi wanda mesa za ta iya taɓawa. Ga tabarma, a ƙasan akwati ƙarƙashin shimfiɗa, saitin tsakiyar tabarmar, domin tana ture shimfiɗa ta kwanta a kan gilashi ko roba. Ga ƙwai, a ƙarƙashinsa, daidai inda bayanta zai kasance. A kafe wayar yadda ba za ta ja ta ba, don idan ta ja ta zuwa ɓangaren sanyi, tamostat za ta ɗauka ana sanyi ta yi ta ba da wuta. Kada a yi amfani da salatif a cikin akwati; yana manne wa ɓawon maciji ya ɗaye masa fata.

Ban da tamostat, a samu ma'aunin zafi mai lamba guda biyu, ɗaya kowane ɓangare. Bindigar auna zafi irin wadda aka yi ta ɗora mana a goshi lokacin korona ma tana da amfani, in dai tana da saitin auna jikin abu, ba na mutum kaɗai ba. A gwada akwati kwana biyu ko uku babu maciji a ciki, a duba da asuba, a duba da azahar.

An ɗauke wuta cikin daren hunturu, yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayarmu ta gida. Kwantar da hankali tukuna: lafiyayyar mesa da cikinta babu abinci za ta jure dare ɗaya a digiri 21 ko 22. Rufe tagogi, ɗauke akwatin daga kan tayil ko siminti, lulluɓe shi da bargo ka bar kafar iska. Zuba ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, a jarka ko gora mai murfi, naɗe da tawul, jingina da jikin akwati ta ɓangaren ɗumi. Idan ya huce a sake.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haramun ne a wannan harka, haka risho, haka janareto a bakin taga. Hayaƙin da ba ya wari, wanda ke kashe mutane a barci, shi zai kashe ku duka.

Mai inbata ko sola ya huta. Tabarma mai wat 20 ko ta kwana awa 10 a kunne wat-awa 200 kawai za ta ci, bai kai abin da fanka ke sha ba. Wannan ma wani dalili ne na fifita ta a kan ƙwai mai wat 100.

Sai abu ɗaya da mutane ke mantawa. Da ɗumi take narkar da abinci. Idan ka ba ta ɓera sannan sanyi ya kama ta, ɓeran zai fara ruɓa a cikinta, ta amayar da shi. Don haka in ka ga wutar unguwarku ba ta da tabbas a makon, ɗaga ciyarwar. Mesar da ta gama girma ba ta damuwa da rashin cin mako biyu ko uku, wasu ma da kansu suke daina ci a wannan lokaci.

Bazara fa, lokacin da ɗakin kansa ya kai 34?

Ni wannan ya fi ba ni tsoro, don sanyi yana ba ka lokaci, zafi kuwa cikin awa kaɗan yake gama aiki. Cire duk abin ɗumi daga soket. Mayar da akwatin ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka sauke shi ƙasa, yanzu tayil ɗin da muka guje wa a hunturu ya zama aboki. Nesa da taga: rana ta bugi gilashi na rabin awa ta isa ta mayar da akwati tanda. Sa babban kwanon ruwa da za ta iya shiga, a canza ruwan kullum. Jiƙa tukunyar ƙasar da ke ɓangaren sanyi, za ta yi aikin da randa ke yi wa ruwa. Idan abin ya tsananta, a naɗe gorar ƙanƙara da tawul a ɗora a saman akwatin ta ɓangare ɗaya. Kada a tsoma ta a ruwan sanyi kai tsaye. Kada kuma a bar ta cikin mota a tsaye, ko da na shiga kasuwa a fito ne.

Saɓarta tana fita guntu-guntu tun da hunturu ya kama.

Bushewar iska ce, abin ɗumi kuma yana ƙara ta. Tana son danshi kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, fiye da haka kaɗan lokacin saɓa. Yi shimfiɗa mai kauri da ɓawon kwakwa, ka zuba ruwa a kusurwoyi yadda ƙasan zai jiƙe saman ya zauna a bushe, ka rufe yawancin ragar saman akwatin. Da damina kuma a buɗe, don jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana ruɓar da fatar ciki.

Ta yaya zan gane an samu matsala?

Wadda zafi ya dama za ka gan ta tana zagaye ba hutawa da rana tsaka, ko ta tare a kwanon ruwa. Idan ta fara karkata kai ko kasa juyowa in an kwantar da ita rigingine, abin ya yi nisa. Wadda sanyi ya daɗe yana kamawa takan ƙi abinci, sannan ka fara jin shesheka ko ƙaramin fito idan tana numfashi, yawu mai kumfa a baki, tana ɗaga kai baki buɗe. Wannan ciwon huhu ne, ƙara ɗumi kaɗai ba ya warkar da shi.

Ƙuna kuwa, Hajiya ko Malam, don Allah kada a shafa man shanu, ko man goge baki, ko bakin mai. Kashe abin ɗumin, kwashe shimfiɗar, a sa farar takarda mai tsabta, a nemi likitan dabbobi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi, tafiyar kusan kilomita 80 daga Kaduna. A ɗauke ta a rigar filo da aka ɗaure bakinta, cikin roba mai huji, a tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi, a kuma riƙe takardar da aka rubuta awon zafin kwanakin baya, don likita zai tambaya. Idan amai ta yi, a gyara ɗumin, a bar cikinta ya huta mako biyu cur, sannan a gwada ta da ɓera ƙarami fiye da wanda ta saba.